Ƙafar da Ta Yi Sanyi

Barira ta sake taɓa tafin ƙafar mijinta, ta ji shi sanyi ƙalau kamar gindin randa. Ta taɓa ɗayar, ta ji ɗumi.

Da hantsi ne aka shigo da Sama'ilu ranga-ranga. Bijimi ya firgita a hanyar gona, amalanken taki ya kife masa a gwiwa. Mai ɗori ya zo ya jera karare, ya ɗaure tamau, ya ce nan da wata guda zai taka. To ga azahar ta yi, yatsun sun yi fari fat, Sama'ilu kuma ya daina ihu.

"Malam, ka ji na mintsine ka?"

"A ina?" ya tambaya.

Ta yi waje ko mayafi ba ta gyara ba. Nababa, yayan mijinta, yana zaune a zaure.

"Yaya, ƙafar nan ta yi sanyi. Mu kai shi asibiti."

"Ke dai akwai gaggawa. Shi ɗori haƙuri yake so. In muka je can, yanke ta za su yi. Kuma wa zai ba mu mota a wannan marra, mai ya gagari kowa?"

Ba ta taɓa mayar masa da magana ba, sai ranar. "Ai ba ya jin ta, Yaya. Ni dai zan nemo."

Ta bi gida huɗu kafin Basiru mai a-kori-kura ya yarda ya sauke buhunan da ya ɗauko. Nababa ya hau baya yana ƙunƙuni. Duk ramin da motar ta faɗa kafin Ɗambatta, Barira ce ke runtse ido.

A ɗakin gaggawa, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Maijidda ta datse ɗaurin da almakashi. Gwiwar ta kumbura, ta karkace gefe. Maijidda ta ɗora yatsu biyu a bayan ƙafar tana neman bugun jini, sannan ta ƙwala wa likita kira.

"Tun yaushe ta yi sanyi?" in ji likitan.

"Tun kafin azahar," Barira ta ce.

"Ba karaya ce kaɗai ba, gwiwar ce ta goce ta danne jijiyar jini. Wa ya lura?"

Nababa ya kawar da kai.

Aka yi wa Sama'ilu allura. Mutum biyu suka riƙe cinyar, likita ya ja ƙafar a hankali, sai ji aka yi ƙwas! Barira ta dafa bango tana salati. Maijidda ta mayar da yatsunta wurin, ta daɗe ba ta ɗago ba.

"Akwai bugu, amma da rauni."

"Yanzu za ku wuce Kano a duba jijiyar," likita ya ce. "Ban yi muku alkawari ba. A hanya ku riƙa taɓawa, in ta sake sanyi ku faɗa wa direba ya ƙara wuta."

A cikin mota, Nababa ya ɗora hannunsa inda aka nuna masa. Ya lalubi nan, ya lalubi can. Can sai ya matsa gefe.

"Barira," ya ce, bai dube ta ba, "dawo nan ki riƙe. Ke kin fi ni ganewa."