Inabin Mudassiru

Matar ta tofar da ƙwallon a gefen kwalta, ta goge baki da gefen mayafinta.

"Zaƙi kam akwai, Malam, amma bauri ya yi yawa. Ga ɓawo kamar fatar ganga." Ta wuce wajen mai kankana.

Tun hantsi haka ake yi wa Mudassiru a bakin titin Kura: a ɗanɗana, a yamutsa fuska, a wuce. Inabin baƙi wuluk, 'ya'yan ba su fi na magarya girma ba. Shekara uku ke nan da ya hana rabin gonarsa ta bakin kanal tumatir, ya kafa sanduna da waya, ya dasa rassan da ƙaninsa Iliyasu ya ƙunso a jiƙaƙƙen tsumma daga Afirka ta Kudu, inda aka tura su kwas ɗin noman rani. Iliyasu ya ce gonakin can a bakin teku suke, layi-layi har gindin dutse, masu su kuwa sun yi arziki. Abin da bai tambaya ba shi ne me ake yi da inabin. To, wa zai tambaya? Inabi ai ci ake yi.

Rana ta take. 'Ya'yan ƙasan kwando sun fara fashewa, ƙudan zuma na zagaye. Gobe war haka sai dai a zuba wa awaki wahalar shekara uku.

Bayan azahar wata mota mai lambar Abuja ta tsaya sayen albasa. Mai motar, wani dattijo mai gajeren wando, ya tsinki ƙwaya ɗaya ya tauna a hankali, ɓawo da komai, bai tofar ba.

"Ina ka samo wannan?" Hausarsa ta bariki ce. "Shiraz ne. Ba na ci ba ne, Malam. Da shi ake yin jar giya, mai nauyin nan da ake sha da nama. A otal ɗinmu daga can bakin teku ake kawo mana a kwalba. Ina so in gwada yi a nan. Zan kwashe duka, baɗi ma ka ajiye mini."

Mudassiru ya dubi kwandunansa. Shi da ke sahun farko a masallacin unguwa, ashe giya yake ta yi wa ban-ruwa.

"Albarka," ya ce.

"Ai ban ma taya ba."

"Ko ka taya, albarka."

Mutumin ya ɗaga kafaɗa ya nufi rumfar albasa.

Badamasi dillali yana kan benci, kunnensa kuwa ba ya hutu. Ya taso yana gyara hula, ya tsuguna ya ɗaga kwando ɗaya kamar mai auna nauyi.

"Allah ya ƙara imani, mutumina, ka yi daidai. Yanzu ni ka sayar mini. Manomi da dillali, kamar yadda muka saba. Duk tumatirin da na ɗauka a gonarka, ka taɓa tambayata a tukunyar wa ya kwana?"

Bai taɓa ba. Badamasi ya taya, tayin da ko a mafarki dillali ba ya yi wa kayan da suka fara ruɓa. Mudassiru ya dubi ƙudajen, ya dubi motar.

"Na sallama."

Ya juya baya yana naɗe igiyar babur ɗinsa, naɗin da bai buƙaci wannan natsuwar ba. Yana jin nishin masu dako, da dariyar Badamasi, da ƙarar rufe bayan motar dattijon. Bai waiwaya ba sai da titin ya yi shiru.

A gida ya tarar da matarsa Rauda tana tsince shinkafa a faifai. Ta dubi bayan babur ɗin, ba kwando ko ɗaya.

"Ikon Allah! Duka? Wa ya saya?"

"Badamasi."

"Badamasi kuma? Me zai yi da wannan abu mai bauri?"

Mudassiru ya ɗauki buta ya nufi bakin rariya.

"Ban tambaye shi ba."