Mata Uku Suna Daka

Maman Lawali mai gyaran rediyo ya ɗaga kan allurar garmaho zuwa hasken ƙofa, ya kanne ido ɗaya, ya daɗe yana leƙen ta ta cikin gilashi. Alhaji Zakariya'u na tsaye a gabansa rungume da faifai a cikin tsumma, kamar wanda ya kawo jariri asibiti.

"Alhaji, ina ka samo wanga abu?"

"Kasuwa. Mai shi ya ce mani ɗan Japan ne, na manya. Duba kwalin, har da hatimi."

"Kwalin ƙila na gaske ne. Na ciki jabu ne. Na ƙwarai bakinshi dutsen daiman ne, wanga kuwa ƙarhe anka hiƙe. Kuma ko na ƙwarai ne, ba na garmahonka ba ne. Hannun garmahonka irin na da ne, mai nauyi, wanga kai kuwa don hannu marar nauyi aka yin shi. Bai yi ta tsalle ba?"

"Ya yi."

"Sai ka yi mi?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Abin da duk ɗan Maraɗi yake yi ne tun zamanin da ake kaɗa faifai a gidan biki: allura in ta yi tsalle, a ɗora mata kuɗi a ka ta nutsu. Ƙarfen dala ashirin ya ɗora mata. Da ta ƙi, ya ƙara wani.

Faifan nan ba na sayarwa ba ne, guda ɗaya tak aka yanka. Wani Bature mai bin ƙauyuka yana ɗaukar waƙoƙi ya ɗauke shi a Tsibiri, shekara guda kafin a haifi Zakariya'u. 'Yar Alhaji, Samira, da ke karatu a Faransa, ita ta samo shi a hannun iyalin Baturen bayan ya mutu. A tsakiyarsa an rubuta cewa mata uku ne suke daka, kuma ɗaya daga cikinsu sunanta Baturiya, matar Gambo. Innar Alhaji ke nan, wadda ta rasu bai cika kwana arba'in ba. Mutum ya kusa sittin, ya yi gida a unguwar Zariya, ya yi shagon atamfa har biyu, amma bai taɓa jin muryar wadda ta haife shi ba.

Samira ta ja masa kunne a waya cewa faifan mai taushi ne, kada ya taɓa sai ta zo hutu an kwafe shi. To, amma mutum ɗaya ce ta rage a duniya da za ta iya cewa wannan ce Inna a cikin ukun, ita ce Yaya Tsahara wadda ta goye shi. Idonta ya tafi, jikinta kullum baya yake yi, ba wanda zai rantse za ta kai hutu. Shi ya sa ya zaro tsohon garmahonsa daga ƙarƙashin gado, ya ga allurar ta karye, ya ce muryar Inna ba za ta bi ta kan abin gwanjo ba, sai mafi tsada a kasuwa.

Jiya da azahar ya gwada. Ya ji taɓare uku suna sauka bi da bi, da tafi a tsakani. Ya ji murya uku: siririya, da mai kauri, da wata da dariya ta ƙwace mata a tsakiyar baiti. Sai ya kasa dainawa. Ya saurara ya ce mai dariyar ce, ya sake ya ce a'a, mai kaurin ce. Har magariba yana mayar da allura farko. Muryoyin suna ta nisa, shi kuwa ya ɗora wa kunnensa laifi. Ga waya a aljihu, amma ya ce sai tsallen ya daina zai ɗauka, don ya fito tas.

Maman Lawali ya kwance tsumman. Layukan faifan sun yi furfura, ga baƙin gari kwance a kansu. Ya tona cikin gwangwanin tarkacensa, ya sami tsohon kai da ya dace da hannun, ya ɗaura, ya kunna. Abin da ya fito sai ka ce ana suya da ruwa a mai. Can ƙasa-ƙasa akwai dukan turmi, shi ma sai an kasa kunne. Murya kam babu.

"Ba a maido shi?" in ji Alhaji.

"An ƙanƙare, Alhaji. Sai haƙuri."

Haƙuri ba shi ne matsalar ba. Matsalar ita ce tun da safe ya aika Tsibiri cewa yana tafe da Inna. Ya ɗaure garmahon a bayan mota ya kama hanya, gonakin hatsi suna wucewa dama da hagu bai ga ko ɗaya ba. Bai taɓa tsanar kansa kamar ranar nan ba.

Ya tarar an share ɗakin, an fesa turare. Yaya Tsahara ta sa an yi mata wanka, ta ɗaura zanen da take zuwa biki, an jingina ta da bango.

"Auta, kai ne? Ka zo mani da ita?"

"Na zo, Yaya."

Ya jona garmahon a wuta, ya ɗora allura. Ɗakin ya cika da shuu.

"Ruwa aka yi?" Ta karkata kai wajen ƙofa.

"A'a, Yaya. Hwaihwan ne."

Ya buɗe baki zai gaya mata abin da ya aikata. Numfashinsa ya soma sarƙewa. Ita kuwa wannan numfashin ta san shi tun yana bayanta a goye, ta san abin da ke biyo bayansa. Ta kasa kunne, ba ka ce faifan take saurare ko ƙanen nata ba. Can ta ɗaga yatsa.

"Tsaya. Ga ta nan. Ka ji ta? Ita ce ka bin baitin daga baya. Haka takan yi kullum, ba ta son gaba."

Zakariya'u ya dubi garmahon. Allura ta riga ta ƙare waƙar, tana zagaya layin ƙarshe kusa da rubutun, inda ba a taɓa ɗaukar muryar kowa ba.

"Na ji ta, Yaya," ya ce.

"Murya mai daɗi, ko?"

"Mai daɗi."

Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"To, sake sa muna."

Ya share fuska da hannun riga, ya ɗaga allurar a hankali, ya mayar da ita farko.