Kusurwar da Ruwa Zai Fita

Tun da aka ɗaga hanyar unguwarsu a Matankari da jar ƙasa, gidan tsohuwa Nana ya koma tafki. Ruwan sama na gangarowa daga titi, ya bi ta zaure, ya kwanta a tsakar gida har ƙauri. Murhu ya nutse. Balki, ɗiyar Nana da ta baro ɗakinta a Ɗan Kassari ta zo jinyar ƙafafun uwar, a bakin ƙofa take hura wuta cikin tsohon kwano.

Wuri guda ne ruwan zai iya fita, kusurwar gabas inda ƙasa ta yi gangare. To, nan ne 'yar bukkar doguwa, aljanar da Nana ta gada daga uwarta, mutuniyar Lugu.

Abdulbasit, ƙanen Balki mai shago a Dogon Dutsi, ya iso bisa babur da diga a ɗaure.

"Inna, a kau da bukkar ga a huda rariya," in ji shi. "Shirka ce, ga kuma sauro na cin ku."

"Ka taɓa ta, ba ni ba kai," Nana ta ce daga kan gado.

"To ni ko buhun siminti ba ni kawowa sai an rushe ta."

Ya jingine digar, ya tafi bai ko sha ruwa ba.

Balki ta ɗauki digar. Ta haƙa hanya ta yamma, wajen turken awaki, ta huda katanga, hannuwanta duk suka yi kanta. Ruwan ya bi kaɗan, ya tarar da tudu, ya dawo. Ta je meri, ofishin magajin gari, aka ce ta jira rani. Ta roƙi uwar su koma wajen Abdulbasit kafin kaka, tsohuwa ta juya fuska ga bango.

Gindin ɗakin ya fara jiƙa, laka na zubowa. Kullum da safe Balki na kwasar ruwa da bokiti tana kaiwa titi, rabinsa na biyo ta.

Mijinta ya kira, ya ce ciyawa ta cinye gero, yara na tambayarta.

"Yaushe za ki taho?"

Tana tsaye cikin ruwan, ta dubi bukkar, ta dubi ƙofar uwarta.

"Ban sani ba, Malam," ta ce. "Ka ba ɗiyata Rahina wayar in ji muryarta."