Ƙeyar Waziri

Ranar Litinin Oga ya tara mu a ɗakin taro, wanda a gaskiya sito ne aka cusa wa teburi, ya ce daga yau an gama da shimfiɗaɗɗen hoto a gem ɗinmu, wato wasan kwamfutar da muke haɗawa. Kowa a cikin gem ɗin zai koma tiridi.

Mu biyar ne a kamfanin, kuma gem ɗaya muke yi, na tarihi: ka gina gari, ka zagaye shi da ganuwa, ka tura ayari, in maƙwabci ya taɓa ka ka ɗaura yaƙi. Duk wani sarki, jarumi ko ɗan aike da ke fitowa a kusurwar allo yana magana, ni na zana shi da hannuna. Fuska arba'in da biyu, aikin shekara biyu cur. Shi kuwa tiridin nan mutum-mutumi ne da ake ƙerawa a kwamfuta, a juya shi a ga gaba da gefe da baya, yana ƙifta ido yana numfashi.

"Masu wasa sun ce mutanenmu kamar hoton fasfo," in ji Oga.

Na ce, "Masu wasa nawa? Mutum uku ne suka rubuta, ɗaya ma ƙanin matarka ne."

Bai ko kalle ni ba. Ya ce in ba Injiniya, wato mai ƙera tiridin, zanen gefe da na baya na kowa kafin Alhamis. Duk wanda bai fito daidai ba a goge shi, a sa masa fuska cikin waɗanda suka zo da manhajar. Na ga fuskokin nan kuwa. Dukkansu haɓa ɗaya gare su, kamar 'yan tsanan da ake rataya wa kaya a shago.

Arba'in da ɗaya ba su dame ni ba, ni na ƙirƙire su, in na ga dama in ba su kunnen zomo. Matsalata Waziri ce, dattijon da ke leƙowa ya gaya wa mai wasa cewa rumbu ya kusa ƙarewa ko ganuwar gabas ta tsage. Wazirin nan Babanmu ne. Shekara shida ke nan da rasuwarsa, kuma mutum ne da ya tsani kyamara, in an ɗaga waya sai ya tashi ya bar ɗakin. Hotonsa ɗaya tak muke da shi, na katin wurin aikinsa, yana kallon gaba ya ɗaure fuska. Daga shi na zana Waziri, na kuma sa masa irin mitarsa. Kullum na buɗe kwamfuta da safe sai ya fito ya yi min faɗan almubazzaranci, ni kuma in ji daɗi.

Injiniya ya ce in kwantar da hankalina, na'ura za ta iya hasashen sauran. Ya zura mata zanen, muka jira, ta haifo mana wani abu.

Na ce, "Mene ne wannan?"

"Waziri mana. Dubi yadda yake ƙifta ido."

"Ƙifta idon banza! Babana ne ka mayar kamar an shafe shi da man kitso?"

Fatar tana ƙyalli, leɓen yana motsi shi kaɗai, da ya juya shi gefe kuwa sai ga wani hanci da ban san daga ina aka aro shi ba. Injiniya ya ɗaga kafaɗa ya ce to in zano masa na gaskiyar.

Na zauna na zana sau biyar, na yaga sau biyar. Nan ne abin ya ci min rai, don na gane ban sani ba. Shekara ashirin da shida muna gida ɗaya da mutum, amma in rufe ido in gan shi ta gefe na kasa. Hoton katin nan ya cinye duk abin da nake tunawa.

Na kira Yaya. Ya ce ai shi ne ya ɗauko Baba sak, in zo in ɗauke shi hoto kawai. Yaya da hancinsa kamar an zauna a kai! Na kira Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ce dogon hanci ne irin na gidansu, daga nan ta shiga labarin yadda dangin Mama suka ɓata musu iri. Minti arba'in ina riƙe da waya, ban samu ko kunne ɗaya ba.

Saura Mama, ita kuma ba ta son zancen gem ɗin nan ko kaɗan. A wurinta na yi karatu na ƙare a wasan yara. Da ƙyar na shawo kanta ranar Laraba, bayan na raka ta asibiti duba gwiwa, muka biya ta ofis. Tun daga matakala take mita, wai wane marar tausayi ne ya sa wurin aiki a hawa na uku.

Injiniya ya tashi ya ba ta kujerarsa, ya gaishe ta har da rusunawa. Ta gyara tabarau ta dubi allon.

"Wannan kuma wane ne?"

"Mama, Baba ne."

"Baban wa? Wannan ai ya fi kama da mai gyaran rediyon layinmu."

Injiniya ya juya shi gefe, ya ce, "Mama, hancin ne muke so ki duba mana. Ya fi haka tsawo ko bai kai ba?"

"Ni ina na sani, ɗan nan? Hanci ne dai, yana numfashi da shi. An ce maka zama nake ina auna masa fuska?"

Haba! Na ce wa Injiniya ya rufe kawai, a sa ɗan tsanan Oga, na haƙura. Shi ma ya gaji da ni, ya fizgi maus da haushi, kan Wazirin ya wulwula ya tsaya yana ba mu baya.

"Tsaya," in ji Mama. Ta matso. "Wa ya yi masa wannan ƙeyar sumul kamar ƙwai? Ina ninkin wuyansa?"

Muka dubi juna ni da Injiniya.

"Ninki biyu ne a nan ƙasa, na saman ya fi kauri. Kuma kunnen hagu ba ya kwanciya haka, ya ɗan buɗe." Ta sa yatsa a kan allon, abin da Injiniya ke zagin kowa a kai, amma ya ƙyale ta. "Nan akwai tabo, ɗan siriri, gashi ba ya fita a wurin. Ƙasa kaɗan. A'a, ka wuce, dawo."

Na ce, "Mama, hanci kin ce ba ki sani ba, ya aka yi kika haddace wannan?"

Ta harare ni. "Shekara talatin da ɗaya ina bayansa a babur. Kasuwa, asibiti, biki, har ranar haihuwarki a bayansa na tafi ina naƙuda. Me kike so in kalla, sama?"

Awa ɗaya da rabi ta riƙe Injiniya. Ta sa ya rage gashi a tsakiyar kai, ya zuba furfura daga ƙasa, don wai ta nan ta fara fito masa kuma ita ta fara gani. Ta sa ya sauke kafaɗar dama. Sau biyu tana ce masa hannunsa bai da natsuwa. Ni kuwa tun daga kunnen na gane shi. Ban taɓa sanin na san ƙeyar nan ba.

Oga ya shigo da takardarsa ta waɗanda za a goge, ya leƙa, ya yi tsaki.

"Duk rabin yinin nan a bayan kai kuka ƙarar? Wa ke ganin bayan kai a gem? Juyo min da fuskar."

Na ce, "Fuskar ba ta yi ba, kuma ba za ta yi ba. A haka zai fito. Yana tsaye a kan ganuwa yana duban gari, mai wasa yana bayansa."

"Waziri ya ba sarki baya? Kin taɓa ji?"

"Kai ka ce kana son gaba da baya. Ga baya nan, wallahi duk gem ɗin babu wanda ya kai shi kyau. In ka goge shi, nemi mai zana maka sauran arba'in da ɗayan."

Ya buɗe baki zai mayar min, sai Mama ta ɗaga masa hannu ba tare da ta waiwayo ba. "Kai, yi mana shiru." Oga, wanda ko matarsa ba ta katse shi, ya haɗiye maganarsa. Ya daɗe yana kallon allon, sannan ya zaro biro ya soke sunan Waziri daga takardar, yana gunagunin cewa ƙanin matarsa zai sake rubutu.

Injiniya ya ɗora wa Waziri garin a gaba, ganuwa da rumbuna da hanyar ayari da ta miƙe har ƙarshen allo. Ya kai hannu zai gwada juyo da shi, Mama ta buge hannun.

"Bar shi haka."

Ta jawo kujerar har gwiwarta mai ciwo ta daki teburi. Ta ɗan karkata kai, ta leƙa ta saman kafaɗarsa ta dama, tana duba hanya.