Ƙwaryar Iri a Bakin Teku

A daren jiya mafarki ya ɗauke ni ya kai ni garinmu, Tudun Kargo, inda dama nake kwance. Komai yana nan yadda na san shi, sai dai teku ta zo ta zauna a arewacin gari, daidai inda gonarmu ta ƙare. Ni da ko kogin kirki ban taɓa gani ba, ban yi mamaki ba. Na yi mata sannu da zuwa, ta turo ruwa ya taɓa mini ƙafa, ya koma.

A kaina akwai ƙwaryar iri. Shi ne kaɗai geron da ya rage mana, sauran mun cinye tun kafin in fita takaba. Abin da ya fito da ni ke nan, in ji ko a yi binne ko a jira. In ka binne iri a busasshiyar ƙasa, aka yi ɗan yayyafi aka ɗauke, zai tsiro rana ta ƙone shi. In kuwa ka tsaya sai ruwa ya zauna, damina ta gudu ta bar ka da kara ba zangarniya. A da wannan ba damuwata ba ce. Maigidana, baban Sahura, shi ke fita tsakar gida da sassafe, ya juya gabas, ya shinshina iska, ya ce, "Yau ne." Unguwa kaf shi take jira. Bana yana maƙabarta, ni kuwa hancina ban da hayaƙin murhu ba abin da ya sani.

A bakin ruwa na tarar da mutanen gari sun shimfiɗa tabarmi sun kewaye wata rediyo. A kanta wata ƙaguwa ce zaune, wannan mai tafiya a kaikaice. Ita ke faɗin yanayi a ƙasar. Ta gyara murya.

"Jama'ar bakin tekun arewa, ga hasashen farkon damina. Jiya za a yi zafi. Shekaranjiya ana sa ran iska daga gabas, amma babu tabbas."

Na ce, "Baiwar Allah, gobe fa?"

"Gobe ba a hannunmu take ba, Inna. Mu jiya muke dubawa, ita ma ba kullum muke dacewa ba."

Mutane suka gyaɗa kai. Wani tsoho ya yaba mata, ya ce bara ma saura kaɗan su faɗi daidai.

Ana cikin haka aka fara ruwa. Daga ƙasa yake fitowa yana hawa sama. Zanena ya jiƙe daga gindi, ɗankwalina yana bushe. Masu laima suka kifar da ita suka shiga ciki suka zauna. Ni na rungume ƙwarya, na tare gindinta da tafin hannu. Da aka ɗauke, na duƙa na taɓa ƙasa, ashe ɗan danshin da ke cikinta ne ya tattara ya tafi.

Sai ga ni a gindin kukar gonarmu. Shamuwa sun cika rassa, kowace da ƙunshin kayanta ba ta kwance ba. Na ji daɗi, don tun ina yarinya na san in shamuwa ta sauka damina ta zo. Na gai da babbarsu, wata mai furfura a wuya.

"Yaya, sauka kuka yi ko wucewa za ku yi?"

"Abin da muke so mu sani ke nan," in ji ta. "Mu ku muke kallo. In muka ga manoma sun fito da sungumi, sai mu kwance kaya. Bana gari shiru. Ƙafafunmu duk sun kumbura."

"Mu kuma ku muke kallo."

Ta juya ta ce wa sauran, "Kun ji ko? Ashe tun kakanni a kan sa'a muke tafiya."

Ban san yadda aka yi ba, na ga kaina cikin kwalekwale a tsakiyar teku. Mai tuƙi da sungumi yake tuƙi. Bayansa kawai na gani na gane maigidana ne, don rigar da ke jikinsa ita ce wadda ban ƙarasa ɗinke wa aljihu ba. A bayan jirgin an ɗaure gizagizai da igiya kamar tumaki, baƙaƙe, cikinsu fal, suna biye da mu.

Ya waiwayo. "Tabawa, kin rame."

"Kai ma ba ka yi ƙiba ba, Malam."

"Kiwon hadari aka ba ni. Ba hutu."

Na yi kewarsa har na rasa inda zan sa idona. Amma ƙwarya tana kaina, ba lokacin kuka ba ne. Na ce, "Malam, shinshina mini iskar nan. In binne ko in jira?"

Ya aje sungumi a kan cinyarsa. "Ni ban taɓa jin komai a iska ba. Wani lokaci warin akurkin kaji."

"To, me kake dubawa duk shekarun nan?"

"Ke. Ranar da na ga kin taka turmi kin sauko da ƙwaryar iri daga inda take rataye kina sheƙewa, washegari sai in fita in juya gabas. Mazan unguwa ba za su bi ƙwaryar mace ba, amma hancin namiji suna bi."

Haushi ya kama ni, dariya ma ta kama ni. "Ni ai ba sani na yi ba. Sai dai in na sa hannu a gishiri na ji ya dunƙule, tabarma ta yi laushi, sai in ji kawai ina son in duba iri."

"To, shi ne. Ni shela kawai nake yi."

"In na yi kuskure fa? Wannan ce kaɗai."

"Mun sha yi. Shekarar da aka haifi Sahura ba ƙonewa ya yi ba? Muka sha tafasa da rama har kaka."

"A lokacin mu biyu ne."

Ya miƙa hannu ya gyara mini gammo, kamar yadda yake yi in za mu fita gona. Wani girgije ya yi kuka, ya ja igiyarsa.

"Su ma sun ƙi kiwo," in ji shi. "Shamuwa suke jira."

Na ce ni dai a bar ni a jirgin, in riƙa riƙe masa igiya. Ya ce jirgin ba ya wucewa da wanda ke ɗauke da iri. Ya juya mu wajen gaɓa, ya ɗaga sungumi yana bubbuga gefen kwalekwalen don gizagizan su biyo: ƙwas, ƙwas, ƙwas.

Na buɗe ido. Gari ya waye, ba teku, ba hadari. Maƙwabcinmu Malam Ɗanliti ne a bayan danga yake buga wa sunguminsa ƙota. Ya dakata, ya yi tari, na ji yana tambayar 'yata ƙasa-ƙasa.

"Sahura, innarki ba ta ce komai ba? Ko marigayi ya bar mata wata alama?"

Na tashi na shiga madafa, na sa hannu a kwanon gishiri. Ya dunƙule.

Na ce, "Sahura, miƙo mini turmi."