Agogon Teku a Bakin Rijiya

Akuyar Gogo Habsatu ta faɗa rijiyar garin da hantsi, kukanta na tasowa daga ƙasa kamar daga cikin tulu. Kafin a kawo igiya, idanun matan duk sun koma kan Zulai.

Ta san dalili. Tun da Sabo ya dawo daga Kwatano da agogon nan, mai faɗi kamar murfin gwangwani, bakinta bai huta ba. Ɗan farinta ne, wanda ko sunansa bai kamata ta kama ba, balle ta yabe shi a cikin mutane. Amma ta yi. A nan bakin rijiya ta riƙa maimaita abin da ya gaya wa maza a kasuwar Gidan Sori: wai sojojin ruwan Turawa aka fara ƙera wa irinsa tun zamanin kakanni, suna nutsewa da shi ƙarƙashin jiragen abokan gaba, yana haska musu lokaci a cikin duhun teku. Labarin ya yi ta yawo har agogon da mai shi suka zama abu guda. Sabo bai taɓa cewa ya iya nutso ba. Bai kuma taɓa cewa bai iya ba.

"A kira mana sojan ruwa," in ji Dija, maƙwabciyarta. "Wanda ya saba da teku, rijiya ai wankan safe ce."

Sabo ya zo, ya leƙa. Bai ƙi ba. Maza suka ɗaura masa igiya a ƙugu. Har ya sa ƙafa a bakin rijiyar, sai ya tsaya, ya kwance agogon ya miƙa wa uwarsa.

"Inna, riƙe mini. Kada ya jiƙe."

Ba wanda ya yi dariya, kuma hakan ya fi ciwo. Dija ce kaɗai ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Zulai, ko a kawo miki faifai ki rufe shi? Na ga hadari."

Agogon ya yi wa Zulai nauyi a tafin hannu. Ta gaji da labarin da ba a gwada ba. Igiya na sauka, ta taka zuwa kwamin da ake shayar da shanu, ta sake shi a ciki, ta tsaya. Matan suka kewaye. Can ƙasan ruwan, tsakanin gansakuka, siririyar allurar tana ta zagayenta, ko a jikinta.

Aka fito da akuyar da rai, Gogo Habsatu na ta sa albarka. Aka jawo Sabo, a jiƙe har zuwa ƙirji. Da ya hangi inda agogon yake, sai ya ture mata biyu, ya tsamo shi, ya goge da hular da ya bari a sama, ya kara a kunne. Ya sake karawa.

"Yana tafiya," ya ce a hankali, da mamakin da bai iya ɓoyewa ba.

Kowa ya ji. Zulai ta ɗauki tulunta, ba ta cika shi ba, ta bi hanyar bayan gari.