Tankin Motar Cindo

Shekara arba'in Mamudu ya yi yana walda a Tasawa, ba a taɓa dawo masa da aiki ba. Shi ya sa matasan garin suka ɗauko shi ya auna musu tankuna ranar tseren motoci. Fili suka share a yashin hanyar Korgom, awa shida ana zagaye, wanda ya fi yawan zagaye shi ya ci. Abdul Razak, ma'aikacin gwamnatin da ya haɗa abin, ya kafa doka: kada tankin kowa ya wuce lita hamsin. Mai babban tanki ba ya tsayawa shan mai, sauran kuwa dole su tsaya.

Awon ba wuya. A zuƙe tanki tas, a ɗura isansi, wato fetur, da bido mai lita goma, a ƙirga. Motoci shida suka wuce lafiya.

Ta bakwai tsohuwar fikap ce, Muddassir ya turo ta, ɗan Cindo, ƙanen Mamudu da ya rasu. Mamudu ya kwanta ƙarƙashinta kamar yadda ya yi wa sauran. Ya goge ƙasa da tafin hannu, sai ga ɗinkin walda. Nasa ne. Ba ya ɓace masa.

Shekara ashirin baya, lokacin da Cindo ke shigo da mai ta ɓarauniyar hanya, ya roƙi Mamudu ya yi wa tankunan motocinsa biyu ɓoyayyen ciki. Ya yi, ya haɗa ciki na biyu da na farko ta ƙaramar huda, yadda mai zai riƙa sauka a hankali. Ɗaya motar tankinta ya tsage a kan rami kusa da Hawandawaki, ta kama wuta da Cindo a ciki. Mutane suka ce ƙaddara. Ba wanda ya tambayi mai waldar, shi ma bai ce komai ba. Ya ɗauka an daɗe da sayar da ta biyun.

Ya fito ya karkaɗe riga. Aka ɗura bido biyar, mai ya taho har baki. Abdul Razak ya ɗaga biro zai rubuta ta wuce. Muddassir yana kallon baffansa, bai ƙifta ido ba. Ya sani.

"A dakata," in ji Mamudu.

Abdul Razak ya ce rana tana yi, akwai sauran motoci tara. Mamudu ya tsaya a kan bakin tankin, hannu a baya. Jim kaɗan man ya fara ja da baya, har ya ɓace daga gani. Ya ce a ƙara. Aka ƙara bido ɗaya, ya shanye. Sai da tankin ya sha huɗu kafin ya ƙoshi.

Wani direba daga Mayahi ya yi dariya ya ce wannan ai rijiya ce aka sa wa taya. Ba wanda ya taya shi.

Muddassir ya matso, murya ƙasa-ƙasa. "Baba, wata uku ina gyaran motar nan. A gaban mutane za ka yi mini haka?"

"Lita casa'in, a kan ramuka, awa shida. Na binne ubanka. Ba ni binne ka."

Abdul Razak ya tambayi wane maƙeri ne ya yi wannan mugun aiki, don a san shi. Mamudu ya dube shi, ya dubi jama'ar.

"Ni ne. Wannan da wadda ta ƙone Cindo, duka hannuna ne."

Dattawa biyu da suka yi sallar jana'izar Cindo tare da shi suka sunkuyar da kai. Mamudu ya ce wa Muddassir a zuƙe man yanzu, gobe ya kawo ta garaji, shi zai yanke ɓoyayyen cikin, ya haɗa mata tanki na gaskiya. Muddassir ya juya ya tafi neman tiyo.

Abdul Razak ya soke lamba bakwai. Ya tsaya yana juya biron, kamar mai tunanin ko za a nemo wani ya ƙarasa awon. Mamudu bai jira shi ba. Ya ce a turo ta takwas, ya durƙusa da ƙyar, ya shige ƙarƙashinta.